Filin da Aka Saya da Rani

Malam Sha'aban ya fi shekara talatin a Riyad, kuma mafi yawansu a bayan sitiyari ya yi su. Direban wani Balarabe ne, Abu Fahad, wanda sana'arsa saye da sayar da filaye. Tun garin bai kai ya kawo ba har ya miƙe arewa ya cinye rairayi, Sha'aban ne ke tuƙa mutumin daga wannan fili zuwa wancan. Ba ya sa baki. Amma kunne ba shi da murfi. Daga kujerar gaba ya ji yadda masu kuɗi ke tambayar fili: faɗin titin da ke gabansa, ina ya fuskanta, ko yana kan kwana, ko gari zai bi ta wajen. Ya haddace tambayoyin nan kamar karatun allo, ya ɗauka ya san ƙasa.

A unguwar Shifa yake zaune da matarsa Muhibba da 'yarsu Raliya. Gidan haya ne, ɗaki biyu da falo. Muhibba lalle take yi wa amaren Larabawa, kuma duk abin da ta samu ba ta ci, kasuwar zinariya ta Dira take kai shi ta ƙara awarwaro. Hannunta shi ne asusunta. Shi kuwa Sha'aban albashi bai motsa ba, kuɗin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, da na zaman iyali kullum hawa suke, gwiwarsa ta fara ƙara in ya taka burki. Ya san ranar da Abu Fahad zai ce ya gode tana tafe. Wanda aka ce wa haka a ƙasar mutane, jakarsa kawai zai ɗauka.

Sai ya yanke shawara, shi kaɗai, kamar yadda ya saba. Zai sayi filaye biyu a gida, a gefen Kano. Ɗaya ya gina ɗakunan haya, ɗaya ya ajiye har ya yi daraja. Abin da ya tara bai isa ba. Ya gaya wa Muhibba. Ba ta yi musu ba. Ta zauna bakin gado ta shafa sabulu a hannu, ta zare awarwaron ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle su a ɗankwali ta miƙa masa.

Ya ɗauki hutunsa da rani, kamar kowace shekara, don lokacin ne Abu Fahad ke sakinsa. Wani dillali mai suna Gali ya kai shi wurin. Sha'aban ya sauka daga mota da farar jallabiya da ƙamshin turare, ya tsaya a tsakiyar fili ya riƙe ƙugu. Ya sa aka auna titi. Ya tambayi gabas. Ya ga kwana ce, ya ji daɗi. Ƙasar baƙa ce, ta tsattsage kamar tafin ƙafar manomi, ga ɓawon katantanwa warwatse ko'ina. Ya shure ɗaya da takalminsa ya ci gaba da magana. Gidajen unguwar duk sun tsaya can nesa a kan tudu, babu wanda ya sauko. Ya ce a ransa, gari zai iso. Ya biya, aka yi takarda, ya sa aka kafa allon ƙarfe da sunansa a jiki.

Ranar da ya dawo Riyad, mutum biyu suka zo yi masa barka da hanya. Ɗaya Maikuɗi ne, abokinsa tun zuwansu, mai shagon turare da carbi a Dira, mutumin da bakinsa ba ya hutawa. Ɗayan Tamimu, leburan gini, saurayi mai kunya wanda ya ɗauki Sha'aban uba tun ranar da ya sauka garin. Sha'aban ya baje musu hotuna, yana bayani da hannu kamar Abu Fahad.

Muhibba ta kawo shayi ta ajiye a bakin ƙofa. Daga bayan labule ta ce, "Alhaji, an dai tambayi maƙwabta yadda wurin yake da damina?"

Sha'aban bai ko juya ba.

"Hajiya, ki tsaya a lallenki. Ƙasa a bar wa waɗanda suka san ta."

Maikuɗi ya yi dariya don ya rufe maganar. Tamimu ya sunkuyar da kai. Labulen ya ɗan motsa, ta tafi. Ba ta sake tayar da zancen ba.

Daga nan Sha'aban ya zama malami. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, 'yan gida kan taru a bayan shagon Maikuɗi, kusa da tsohon ginin Masmak, su ci shinkafar kabsa a faranti ɗaya. Nan yake karantar da samari. Kuɗi a aljihu ƙanƙara ne, narkewa yake. Ƙasa ba ta ruɓewa. Kada ka sayi fili sai ka san faɗin titinsa. Maikuɗi ya laƙaba masa suna Sarkin Filaye, shi kuma ya yi kamar bai ji daɗi ba.

Tamimu ya fi kowa saurare. Mahaifiyarsa na zaune a ɗakin haya a Kano, duk shekara mai gida na yi mata barazanar tashi. Shi kuma yana ɗaukar siminti a ranar Riyad, yana cin gurasar tamis da ruwa, yana tarawa. Wata Juma'a ya bi Sha'aban har mota.

"Baba, ɗayan filin nan da ka ce za ka ajiye. Ka sayar mini. Ko ɗaki ɗaya ne in yi wa tsohuwa, ta huta da gori."

"Ba ka gan shi ba."

"Kafilina, ubangidan aikina, ba zai ba ni hutu bana ba. Kuma me zan gani da ya wuce abin da ka gani? Idonka ai idona ne."

Sha'aban ya ja rai na 'yan makonni, don girma ya ƙaru, sannan ya ce to. Aka sa Juma'a mai zuwa za a yi ciniki gaban shaidu. Da ribar zai mayar wa Muhibba rabin awarwaronta, ya nuna mata wanda ya san ƙasa.

A cikin makon ne saƙon ya zo. Watan Agusta ne, zafin Riyad ya kai inda ƙarfen ƙofar mota ke ƙona yatsa. Sha'aban na zaune a mota a unguwar Murabba yana jiran Abu Fahad ya fito daga wani ofis. Wayarsa ta yi ƙara. Ƙanwarsa ce Lailatu, wadda ya aika ta duba ko an sauke bulon da ya saya don katanga. Bidiyo ta turo.

Da farko bai gane abin da yake kallo ba. Ruwa ne shimfiɗe, jajaye-jajaye, har inda hoton ya kai. Agwagi na iyo. Wasu mata na wanki a gefe. Wani ya shigar da babur yana wankewa. Sai hoton ya tsaya a kan wani abu da ya leƙo daga tsakiyar ruwan. Allon ƙarfe ne. Ruwa ya cinye sandar, ya bar rubutun. Sunansa ne, da tsuntsu zaune a kai.

Muryar Lailatu ta biyo baya. "Yaya, bulo kam mai mota ya ce ba shi da jirgin ruwa. Na tambayi matan nan, sun ce tun kakanninsu nan ruwan unguwa ke taruwa. Wai yanzu ma sun sa masa suna, Kududdufin Ɗan Makka. Yaya, kai da ka tashi a gona, ba ka ga katantanwa ba?"

Ya gani. Abin da ya fi ci masa rai ke nan. Ubansa manomi ne, kuma tun yana yaro ya ji dattawa na cewa ba a sayen ƙasa sai an gan ta da damina. Baƙar ƙasa mai tsaga, katantanwa, gidaje da suka ƙi saukowa daga tudu, ko ɗan shekara goma a ƙauyensu zai karanta wannan. Shi kuwa ya zauna shekara da shekaru a garin da ruwan sama baƙo ne, ya koyi tambayar mutanen da ba su san damina ba, ya manta ta gidansu. Matar da ya kora zuwa lalle ita ce ta tuna.

Ya kashe sanyin motar ba tare da ya sani ba. Gumi ya jiƙa masa wuya. Ya kira Gali.

Dillalin bai ko ruɗe ba. "Baba, ai ba ka tambaye ni ruwa ba. Titi ka tambaya, na auna maka. Gabas ka tambaya, na nuna maka. Laifina a ina?"

"Ka san kududdufi ne."

"Da damina. Kaka na yi zai janye, ya koma fili sumul kamar yadda ka gan shi. Ba kai ne na farko ba, Baba, wurin nan daga hannu zuwa hannu yake tafiya, kuma kowa da rani yake saye. Ba ka ce akwai wani yaronku can da ke so ba? To me ya dame ka? Ka sallama masa ɗaya. Ɗayan ma in ka bar mini, kafin azumi na samo wani ɗan waje."

Sha'aban ya kashe wayar. Amma maganar ba ta mutu ba. Ta bi shi gida.

A gida ya ɓoye maganar. Muhibba ta kawo abinci, ya ga hannunta yana miƙo kwano, wuyan hannun fayau, sai farin zobe na fata inda awarwaro ya daɗe yana zaune. Ya kawar da ido. Raliya, wadda aka haifa a Riyad kuma Larabci ya fi zama a bakinta, ta zauna kusa da shi tana tambaya, tana kiransa Yuba, wato baba a Larabcin garin.

"Yuba, in mun koma, ɗakina zai kalli titi? Mama ta ce wai can ruwa na zuba kwana da kwanaki. Da gaske?"

"Da gaske," in ji shi. Ya tashi bai gama ci ba.

Kwanakin da suka rage ya yi su yana gardama da kansa a bayan sitiyari. Tamimu yaro ne, yana da ƙarfi, zai sake tarawa. Ba zai je gida ba sai baɗi da rani, zai tarar da fili busasshe. Kafin ya gane, wa ya san inda kowa yake? Kuma shi ma ai haka aka yi masa. In ya sayar, zai shiga kasuwar zinariya ya fito da ƙulli, ya ajiye gaban Muhibba ba tare da ya buɗe baki ya ce ta fi shi gaskiya ba. In bai sayar ba, babu zinariya, babu fili, babu Sarkin Filaye. Tsoho ne kawai da ya kai gumin matarsa ya zuba wa agwagi.

Juma'a ta zo. Huɗuba ta wuce ta kansa bai riƙe kalma ɗaya ba. A bayan shagon Maikuɗi an shimfiɗa leda, an ajiye faranti, fanka na juya iska mai zafi. Mutane sun fi na kullum, don an ji za a yi ciniki. An kira Shakir, wani ɗalibin jami'a mai karatun shari'a, ya zama shaida. Tamimu ya zo da sabuwar riga, ya aske, yana ta murmushi kamar ango.

Da aka wanke hannu Maikuɗi ya buɗe taro. "To jama'a, yau Sarkin Filaye zai yanka wa talakansa ƙasa. Tamimu, taya. Kada ka ji tsoron gemun nan, rini ne."

Aka yi dariya. Tamimu ya durƙusa ya faɗi abin da zai iya, a hankali, kansa a ƙasa. Tayin ya yi kyau. Ya fi abin da Sha'aban ya biya. Kowa ya juya yana jiran kalma ɗaya, na sallama, a shafa fatiha a tashi.

Sha'aban ya dubi hannun yaron. Siminti ya cinye fatar yatsun, ya bar su da tsaga, baƙi, kamar ƙasar filin.

"Albarka," in ji shi.

Tamimu ya ɗago. Maikuɗi ya tafa hannu. "Kun ji tsohon banza. Yaron da ke kiranka Baba za ka ja wa rai? Tamimu, ƙara masa na goro, kwaɗayi ne."

Tamimu ya ƙara. Abin da ya ƙara kuɗin cin abincinsa ne.

"Albarka. Na fasa sayarwa."

Wani daga baya ya ce ai dama, mai ƙasa ba ya son talaka ya matso kusa da shi. Shakir ya yi gyaran murya ya ce alkawari dai abin tambaya ne ranar gobe. Maikuɗi ya daina dariya, ya dubi abokinsa kamar bai taɓa ganinsa ba.

Sha'aban ya zauna ƙyam, yana karɓar maganganun. Ya ga ƙofa ta buɗe masa. A ce masa marowaci, a ce masa mai saɓa alkawari, duk zai iya ɗauka. Marowaci ai mai wayo ne. Bai cuci yaron ba, kuma babu wanda ya san wautarsa. Ya fara laluben takalmansa.

Sai Tamimu ya ce, "Ba komai, Baba. Ƙasarka ce. Ka dai ba ni lambar dillalin nan Gali. Ka ce akwai saura a jikin naka. In sayi na kusa da kai, ko ba komai tsohuwa ta yi maƙwabtaka da mutanen kirki."

Hannun Sha'aban ya tsaya a kan takalmin. Sannan ya saki takalmin, ya zaro wayarsa, ya lalubo saƙon Lailatu, ya ajiye ta a tsakiyar ledar inda farantin ya tashi.

"Ga filin," ya ce.

Kawuna suka haɗu a kan wayar. Aka ji kukan agwagi. Aka ji matan na wanki suna hira. Aka ga allon da tsuntsu a kai. Bai tsayar da bidiyon ba, ya bar muryar ƙanwarsa ta fito har ƙarshe, da sunan da aka sa wa kududdufin, da tambayar katantanwa.

Wani saurayi ya fashe da dariya, ya toshe baki. Maikuɗi, wanda bai taɓa barin abin dariya ya wuce shi ba, ko murmushi bai yi ba. Wannan ya fi wa Sha'aban zafi.

"Yaushe ka samu wannan?" in ji Maikuɗi.

"Tun farkon mako."

Kowa ya lissafa abin da hakan ke nufi. Ya zo wurin nan da saninsa, ya zauna, ya bari yaron ya taya har sau biyu. Sha'aban bai kare kansa ba. Ya dubi Tamimu.

"Ka riƙe kuɗinka. In za ka sayi ƙasa, ka bari sai ruwa ya sauka, ka aika wanda zai taka ta da ƙafarsa, ya tambayi matan unguwa. Duk abin da na koya muku a nan, ku ɗora wannan a kansa. Ba nawa ba ne. Hajiya ce ta faɗa, kana wurin."

Sha'aban ya sa takalmansa ya fita ta cikin shagon, tsakanin kwalaben turare, babu wanda ya raka shi. Hanyar mota ta bi ta gaban shagunan zinariya. A rufe suke saboda Juma'a. Ya gode wa Allah da hakan.

Ya tarar da Muhibba a falo tana kwaɓa lalle a ƙaramin kwano, gobe tana da amarya. Raliya na ɗaki. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo. Tsayuwar nan ta fi ta bayan shago wuya.

"Hajiya, filin ruwa ne. Duka biyun."

Ba ta daina juya cokalin ba. "Na sani. Ni Lailatu ta fara turo wa. Tsoronka take ji, ta ce in gaya mata ko ta aiko maka."

Ya nemi kujera ya zauna. "Kika yi shiru."

"An ce in tsaya a lallena." Ta ɗaga cokalin ta duba kaurin kwaɓin. "Yaron nan fa?"

"Ban sayar masa ba. Na nuna musu, gaban kowa."

Sai a lokacin ta dube shi. Ta daɗe tana dubansa, kamar yadda take duban zane a hannun amarya ta ga ko ya kama.

"Da ka shigo da awarwaro yau, da ban sa su ba," ta ce.

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya faɗi maganar da ya taho da ita tun daga Dira.

"Kin tambaya. Na wulaƙanta ki gaban mutane."

"Na tambaya," in ji ta. Ba ta ce masa "ba komai" ba, shi ma bai sa ran ta ce ba.

Ta rufe kwanon da leda, ta goge yatsunta. "Baɗi ka gaya wa Abu Fahad da damina kake son hutu. In ya ƙi, ni zan je. Allon nan kuma a cire shi, sunan mahaifin Raliya ne a jiki."

"Sai ruwa ya janye," in ji shi.

"To, sai ya janye."

Ta tashi ta shiga kicin. Ya ji ƙarar murfin tukunya. Ya zauna shi kaɗai da ƙamshin lalle, hannuwansa a kan gwiwa, yana jiran ta kira shi.